Lambobin Yabon Soja da Hafsoshin Injiniya na Zamanin Turawa: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum biyu ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. Akwai mai sha'awar fara tara lambobin yabo na sojojin zamanin mulkin mallaka, akwai kuma wanda ya buɗe adakar kakansa ya tarar da wani ƙarfe mai ƙyalle, bai san ko mene ne ba. An fi ba da ƙarfi a nan ga hafsoshin rundunar injiniyoyin Ingila, domin su ne suka bar sawu a layin dogo da taswira da kan iyaka, sannan an ɗan leƙa ɓangaren Faransa.

Mece ce lambar yabon soja, kuma iri nawa ce?

Ita ce abin da tsofaffin soja ke kira minda. A tsarin Ingila ana iya kasa ta uku. Ta farko ita ce lambar halartar yaƙi, wadda ake ba duk wanda ya je, ko ya harba bindiga ko bai harba ba. Ta biyu ta jarumta ce, wadda mutum ɗaya ke samu saboda abin da ya yi a rana ɗaya. Mafi girma a cikinsu ita ce Victoria Cross da aka ƙirƙira a 1856, sai DSO ta hafsoshi a 1886, sai Military Cross a ƙarshen 1914. Ta uku kuwa ta girmamawa ce da daɗewa a bakin aiki, irin su CMG da KCMG da gwamnonin mulkin mallaka suka saba samu.

Yawancin lambobin halartar yaƙi na azurfa ne, faɗinsu milimita 36, da hoton sarki ko sarauniya a fuska. A kan ƙyallen da ake rataye ta akan gitta wani siririn fallen ƙarfe da aka rubuta sunan yaƙin ko shekararsa. Lamba ɗaya tana iya ɗaukar falle uku ko huɗu, kuma masu tarawa sun fi kallon fallayen nan fiye da ita kanta lambar.

Me zai sa mutum ya zuba kuɗinsa a ƙarfen da ba shi aka ba wa ba?

Saboda sunan da ke gefenta. Tun daga lambar yaƙin Waterloo na 1815, Ingila ta ɗauki al'adar buga sunan mai lamba da muƙaminsa da rundunarsa a kewayen bakinta. Wannan ne ya raba ta da tsohon kuɗi ko kan sarki. Sulai dubu duk ɗaya suke, amma lamba mai suna ta mutum ɗaya ce tak, kuma da sunan nan za ka iya bin sawunsa a takardu har ka gano inda aka haife shi, inda aka tura shi, da abin da ya aikata a can. Mai tarawa na gaske rabin lokacinsa a karatu yake tafiya.

Su wane ne Royal Engineers?

Rundunar injiniyoyin sojan Ingila ce. An kafa ta a 1716, ta sami laƙabin sarauta a 1787. Da farko hafsoshi ne zalla a cikinta, ƙananan sojojin da ke haƙa da gini suna wata runduna dabam, sai a 1856 aka haɗe su. Cibiyarsu tana Chatham, inda Charles Pasley ya buɗe makarantar koyon aikin a 1812. Takensu kalmar Latin ce, Ubique, wato "ko'ina", domin ba yaƙin da Ingila ta shiga ba tare da su ba. Kamfanin da ya mulki Indiya yana da nasa injiniyoyin na Bengal da Madras da Bombay, waɗanda aka shigar cikin rundunar a 1862.

A gefen lamba za ka gane su da haruffa biyu, R.E. Aikinsu a fagen yaƙi shi ne gada, hanya, rijiya, ganuwa, wayar tangaraho da fasa katanga. In babu yaƙi sai a ba da su aro. Su suka riƙe ofishin safiyo na Ingila shekaru masu yawa. John By ya haƙa mashigin ruwan Rideau a Kanada tsakanin 1826 da 1832, Joshua Jebb ya zana kurkukun Pentonville, Francis Fowke da Henry Scott suka zana zauren Royal Albert a Landan. Har kofin ƙwallon ƙafa na FA ƙungiyarsu ta ci a 1875.

Yaya rayuwar aikin hafsan injiniya take tafiya?

A wancan zamani yaro kan shiga makarantar soja ta Woolwich, wadda ke yaye masu igwa da injiniyoyi. Waɗanda suka fi maki a jarrabawar fita su ne yawanci ke samun gurbin injiniya. Daga nan sai kusan shekara biyu a Chatham, sai a tura shi inda ake bukata.

Abin da ya kamata mai tarawa ya sani shi ne, kafin 1871 hafsan sojan ƙasa ko na doki yana iya sayen muƙami da kuɗi, injiniya kuwa ba ya saye. Layi yake bi, sai na gabansa ya mutu ko ya yi ritaya. Shi ya sa ƙarin girma ke jan ƙafa. John Chard ya zama hafsa a 1868, amma har Janairun 1879 yana laftanar. An tura shi Rorke's Drift a Afirka ta Kudu ne don ya kula da kwalekwalen fito a kogi, ba don yaƙi ba. Da mayaƙan Zulu suka auka wa wurin, sai ya zamana shi ne ya riga ɗaya laftanar ɗin da ke wurin samun muƙami, jagoranci ya faɗo kansa, ya fita da Victoria Cross.

Jinkirin nan ne ya sa masu zuciya a cikinsu ke neman aikin waje: sojan Masar, hukumar shata iyaka, safiyo, reluwe, daga ƙarshe kujerar gwamna. Kitchener safiyon Falasɗinu da Kubrus ya fara yi kafin ya zama shugaban sojan Masar. Gordon da aka kashe a Hartum a Janairun 1885 injiniya ne. Robert Napier da ya ci Magdala a Habasha a 1868 daga injiniyoyin Bengal ya fito. Don haka kada ka raina lambar da aka rubuta wa "Lieut.", wato laftanar, kawai. Mai ita yana iya kasancewa a lokacin yana juya ma'aikata dubbai.

Akwai wanda aikinsa ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye?

Akwai, kuma babba. Percy Girouard, haifaffen Montreal a 1867, ya yi makarantar soja ta Kingston a Kanada, ya shiga rundunar injiniyoyi a 1888. Yana laftanar Kitchener ya damƙa masa shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, wajen mil 230 ta tsakiyar hamadar Nubiya, don a kauce wa doguwar kwanar kogin Nilu da duwatsunta. An fara a farkon 1897, aka isa Abu Hamed a ƙarshen Oktoba, aka zarce Atbara a 1898. Layin nan shi ya kai sojoji da abinci da igwa, har da jiragen ruwa a wargaje, aka je aka karya daular Mahadi a Omdurman ranar 2 ga Satumba 1898. Daga nan ya riƙe reluwe a yaƙin Afirka ta Kudu.

A 1907 aka kawo shi ya gaji Lugga a Arewacin Nijeriya, kuma ba a ɓoye dalili ba: dogo ake so. A zamaninsa aka fara layin Baro zuwa Kano, wajen mil 350, daga bakin Kwara ta Minna da Zariya. Ma'aikatar ayyuka ce ta yi aikin a ƙarƙashin John Eaglesome. Girouard ya bar Arewa a 1909 zuwa Kenya, bai ga isar layin Kano a 1911 ba. Faɗin layin ƙafa uku da rabi ne, daidai da na Sudan. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, dalar gyaɗa ta tashi. Shi ne kuma ya tayar da maganar mallakar ƙasa da ta kai ga kwamitin 1908 da dokar 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna.

Wani abu da ba lambar da za ta faɗa maka: mutanen da suka sare daji suka ɗauki ƙasa a ka a layin Baro, da yawansu ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su, kuma ba kowa ne ya je da son ransa ba. Nufawa da Gwarawa sun ɗanɗana.

Na biyu shi ne Gordon Guggisberg, shi ma haifaffen Kanada, wanda ya yi safiyo a Gana da Nijeriya kafin ya zama gwamnan Gana daga 1919 zuwa 1927. Asibitin Korle Bu, kwalejin Achimota da tashar jiragen ruwa ta Takoradi duk ayyukan zamaninsa ne.

Da gaske injiniyoyin soja ne suka raba Katsina da Maraɗi?

A tebur aka raba, a Landan da Faris, amma su suka zo suka kafa alama a ƙasa. Yarjejeniyar 1898 ta zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya tura Faransawa can arewa inda ba rijiyoyi a hanyarsu ta zuwa Damagaram. Suka yi ta ƙorafi. Tsakanin 1902 da 1904 wata hukumar haɗin gwiwa ta auna yankin daga Kwara zuwa tafkin Cadi, Laftanar-Kanar Elliot na rundunar injiniyoyi a ɓangaren Ingila, Kyaftin Moll a na Faransa. Aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, aka matso da layin kudu. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee, shi ma injiniya, da Kyaftin Tilho suka bi layin suka kafa alamomi 148. Iyakar da kake tsallakawa a Jibiya ko Illela ko Maigatari ita ce wannan. Ta gabas kuma Kanar Louis Jackson ya yi irin wannan aiki da Jamusawa daga Yola zuwa Cadi a 1903 da 1904.

A cikin tawagar Elliot akwai wani matashin hafsa, Charles Foulkes, wanda rayuwarsa kaɗai ta isa misalin yadda jerin lambobi ke zama tarihi. Ya yi yaƙin harajin bukka a Saliyo, ya yi na Afirka ta Kudu yana ɗaukar hotunan leƙen asiri, ya zo aikin iyaka ya shiga yaƙin Kano da Sakkwato a 1903, ya koma safiyo a Sikotilan, ya ci lambar tagulla a wasan hoki na Olamfik a 1908. A 1915 shi aka ba jagorancin rundunar iskar guba ta Ingila, wadda ta fara sakin ta a Loos ta ƙasar Faransa cikin Satumba, a yaƙin duniya na farko. Mutumin da ya auna taurari don ya san inda Ƙonni take, shi ne dai wannan.

Faransa fa?

Nasu injiniyoyin soja su ma sun hau manyan kujeru. Louis Faidherbe, gwamnan Senegal daga 1854, injiniya ne. Shi ya gina sansanin Medine a 1855, wanda Alhaji Umaru Futi, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa ƙawanya a 1857, kuma a shekarar ya kafa rundunar sojojin Afirka ta Faransa. Joffre, wanda duniya ta sani da yaƙin Marne na 1914, aikin layin dogon Kayes aka turo shi, daga nan ya shiga Tambutu a 1894.

Matsalar mai tarawa ita ce lambobin Faransa yawanci ba suna a jiki. Lambar mulkin mallaka da suka ƙirƙira a 1893 tana da fallaye irin su "Tchad" da "Sahara" da "Afrique Occidentale Française", amma takardar shaida ce ke nuna mai ita. In takardar ta ɓata, ƙarfe kawai ya rage. Iyalan tsofaffin soja a Nijar su riƙe takardun nan da littafin aikin soja da kyau, sun fi lambar daraja.

Wace lamba aka bayar don cin Kano da Sakkwato?

Africa General Service Medal, wadda aka ƙirƙira a 1902. Ƙyallenta rawaya ne, baƙi a gefe, da siraran layuka biyu kore. Falle mai rubutun "N. Nigeria 1903" shi ne na faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, har zuwa Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli. "N. Nigeria 1906" na Satiru da Haɗeja ne. Akwai na 1902 da 1904 da wasunsu. Victoria Cross ɗaya ta fito daga yaƙin 1903, ta Laftanar Wallace Wright, saboda karon Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Shi dai ba injiniya ba ne.

Kafin wannan akwai East and West Africa Medal, mai falle "Niger 1897" na yaƙin Bida da Ilori. Kamfanin Royal Niger ma ya buga tasa: azurfa ga Turawa, tagulla ga 'yan Afirka.

To tara irin waɗannan ba ɗaukaka mulkin mallaka ba ne?

Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya yi ta bai yi laifi ba. Falle mai "N. Nigeria 1906" ladan ƙone Satiru ne da kashe mutanenta. Ba yadda za a yi wa wannan kwalliya. Akwai masu tarawa a Turai da ke karanta bayanin gwanjo kamar labarin farauta, adadin waɗanda aka kashe ma ƙarin farashi ne a wurinsu, kuma wannan abin ƙyama ne.

Amma a ganina barin abin gaba ɗaya a hannunsu shi ne asarar. Lambar shaida ce: ga sunan wanda ya zo, ga ranar, ga hukumar da ta ce ya kyauta. Sannan in ka duba rajistar waɗanda aka ba lambar 1903, Turawa 'yan kaɗan ne. Mafi yawa sojojin rundunar Arewacin Nijeriya ne, Hausawa da Yarabawa da Nufawa da Barebari da wasunsu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci da ba a cika faɗa a makaranta ba, kuma a gefen ƙarfen nan aka rubuta ta. Malamin tarihi da zai miƙa wa ɗalibai irin wannan lamba su juya ta a hannu ya fi wanda zai cika allo da shekaru.

Na sami lambobin kakana. Ta ina zan fara?

Allah ya jiƙan mazan jiya. Fara da gefen lambar, in tauraro ce kuma ka duba bayanta. Na yaƙin duniya na farko suna da suna da lambar aiki. Na yaƙin duniya na biyu kuwa, irin tauraron Bama da tauraron 1939 zuwa 1945, Ingila ta raba su ba suna, sai dai wanda ya kai aka zana masa da kansa. A nan littafin sallama daga soja shi ne madogara, don haka kada a raba shi da lambobin.

In ka sami suna, kada rubutun ya ruɗe ka. Baturen da ya ɗauki kurtu yakan rubuta sunan yanka da sunan gari, irin Audu Zariya ko Garba Bauci, kuma da kunnensa yake rubutawa, Audu ya koma "Awudu". Wasu ma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba. Lambar aiki ta fi suna tabbas.

Kuma kakanka yana iya zama injiniya shi ma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka je Bama suna da ƙungiyoyin injiniyoyi nasu, kuma 'yan runduna ta 81 sun sare hanyar mota ta sama da mil 70 cikin duwatsu da kurmi zuwa kwarin Kaladan. A cikin sojojin Afirka da suka yi fice akwai Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamusawa soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa, ya koma ɓangaren Ingila ya yi yaƙin duniya biyu. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Yaya ake bin sawun hafsa daga sunan da ke lambarsa?

Hafsa ya fi farabiti sauƙi nesa ba kusa ba, domin gwamnati ta rubuta kowane takunsa. Jaridar gwamnati ta London Gazette, wadda ke fitowa tun 1665 kuma ana bincikenta kyauta a intanet, tana ɗauke da ranar da ya zama hafsa, kowane ƙarin girma, da kowace lambar jarumta. Jerin sunayen hafsoshi da ake bugawa a kai a kai zai nuna inda yake kowace shekara. Ma'adanar takardun Ingila da ke Kew tana riƙe da rajistar lambobin yaƙi a rukunin WO 100, katunan yaƙin duniya na farko a WO 372, takardun aikin hafsoshi a WO 25 da WO 76. Wanda ya yi Indiya, takardunsa suna babban ɗakin karatu na Birtaniya. Gidan tarihin rundunar injiniyoyi yana Gillingham, kuma mujallarsu takan buga tarihin hafsa in ya mutu. In ya yi aiki a Arewa, ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna da Arewa House su ne wurin zuwa.

Abu biyu ke tuntsurar da sabon shiga. Ranar da Gazette ta buga lamba ba ita ce ranar da abin ya faru ba, wani lokaci watanni ne a tsakani. Sannan akwai muƙamin girmamawa da muƙamin wucin gadi, har mutum ya zama kyaftin a rundunarsa, manjo a takarda, laftanar-kanar a Zungeru, duk a lokaci guda.

Yaya zan gane jabu?

Jabu iri-iri ne. Akwai wadda aka zuba a mazubi, za ka ga fuskarta da ƙananan ramuka kamar ƙuraje, rubutun ba kaifi. Akwai kwafin da teloli masu ɗinkin kayan soja ke sayarwa ga wanda tasa ta ɓata, wannan ba yaudara ba ce sai in an sayar maka a matsayin ta asali. Mafi haɗari ita ce lambar gaske da aka kankare sunan farabiti aka zana na hafsa, ko aka ƙara mata fallen da mai ita bai samu ba.

Auna faɗinta ta wurare dabam-dabam. In an kankare gefe, wani wuri zai gaza milimita 36, bakin kuma ya yi siriri. Duba ƙusoshin da suka haɗa fallaye da gilashin ƙara girma, na asali a tsare suke iri ɗaya. Ka san salon rubutun kowace lamba, domin wasu da inji aka buga, wasu da hannu aka zana. Bayan duk wannan sai ka koma rajista: in ba ta ba shi fallen ba, magana ta ƙare. DSO da Military Cross ba suna ake ba da su, darajarsu tana rataye da sauran lambobin mai suna da ke tare da su.

Masana ma suna kuskure. An taɓa sayar da Victoria Cross ɗin Chard a 1972 a matsayin kwafi, sai shekaru bayan haka gwajin ƙarfe ya nuna ita ce ta gaske.

Nawa ake sayarwa?

Ba farashi ɗaya, kuma duk wanda ya yanke maka kuɗi bai ga lambar ba, zato yake. British War Medal ta yaƙin duniya na farko an buga sama da miliyan shida, don haka tana da araha. Victoria Cross kuwa 1,358 aka taɓa bayarwa, wasu sun haura fam miliyan ɗaya, kuma attajiri ɗaya, Lord Ashcroft, ya tara sama da 200. A tsakani, abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin fallen, muƙami, labarin mutumin, da cikar jerin. A ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka injiniya ɗaya ko biyu ake turawa, shi ya sa R.E. a kan irin wannan falle ke jan ido. Gidajen gwanjo na Landan irin su Noonans da Spink suna barin sakamakon cinikinsu na baya a intanet, nan ne ma'auni.

Kada ka raba jeri. Lambobi biyar na mutum ɗaya a haɗe sun fi su a warwatse, a kuɗi da a tarihi. Gado ne ya fi raba su, kowane ɗa ya ɗauki ɗaya, bayan shekara ashirin ba wanda ya san inda sauran suke.

In goge ta ta yi ƙyalli?

A'a. Tsofaffin soja sun goge nasu don fareti har fuskar sarki ta shafe, wannan hakkinsu ne. Kai kuwa kada Brasso ko toka ko lemun tsami su kusance ta. Duhun da azurfa ke yi da tsufa masu saye suna son sa. In datti ne, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ban da ƙyallen, ka shanya sosai. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe a bar shi, in ka sa sabo ka ajiye tsohon tare. Laimar damina ce ke sa tagulla yin kore, don haka a nannaɗe a takarda marar sinadari, a sa a akwati mai rufi tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Leda mai taushi tana ɓata ƙarfe in an daɗe. Kuma don Allah kada a kai wa maƙeri ya narke ta a yi zobe, azurfar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba.

Doka ta yarda a saya, a sayar, ko a rataya?

A Ingila ciniki halal ne, sai dai fitar da masu daraja daga ƙasar yana bukatar izini. A Amurka haramun ne sayar da babbar lambarsu ta Medal of Honor. A Nijeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba, saboda haka kafin ka aika wa wani a waje da tsohuwar lamba, ka je ofishin hukumar ka tambaya.

Ratayawa kuma, mai lamba a ƙirjin hagu yake sa tasa. Al'adar ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila ta yarda ɗa ko jika ya sa ta mahaifinsa a dama ranar tunawa da mazan jiya. Wadda ka saya da kuɗinka ba a ratayawa ko kaɗan.

Mai ƙaramin ƙarfi da me zai fara?

Da zaɓen fage ɗaya ƙunƙuntacce: falle ɗaya, runduna ɗaya, ko aiki ɗaya kamar layin Baro ko hukumar iyaka. Ka yi wata shida kana karanta bayanan gwanjo ba ka sayi komai ba, har idonka ya saba da yadda rubutun gaske yake. Ƙungiyar masu binciken lambobi ta OMRS, wadda aka kafa a 1942, tana karɓar mambobi daga ko'ina. Sayen farko ya zama lamba mai araha mai suna, ko da ta ƙaramin sojan injiniya ce da aka rubuta wa "Spr.", ka bi ta har ka cika shafi guda da labarinsa. Ka nemi rasit da ke bayyana lambar dalla-dalla, da sharaɗin mayarwa in ta zama jabu, ka kuma lissafa ladan gidan gwanjo da kuɗin aikowa da na kwastan kafin ka ɗaga hannu, domin sukan ƙara kaso mai tsoka a kan farashin da aka buga.